Hannun jari da takardunsa: abin da ya kamata Musulmi ya sani kafin ya saya ko ya gada

 

Ya ƴan'uwa Musulmi, abin da ya sa muka ɗauko wannan darasi wani rabon gado ne da aka kira mu muka halarta. Mamacin tsohon ma'aikaci ne, ya bar gida da gona da ƴan bisashe, kuma duk an lissafa su ba gardama. Sai aka buɗe adakarsa aka tarar da ƙunshin takardu da Faransanci, masu hatimi da lambobi. Babban ɗansa ya ce takardun aiki ne da suka gama amfani. Ƙanen mamacin ya ce kuɗin banki ne, haram ne, kada wanda ya taɓa. Matar kuwa ta ce ita dai ta san duk shekara akwai abin da yakan karɓa saboda su, da shi yake yi wa yara ɗinkin Salla. Da aka samo mai karantawa, ashe takardun iri biyu ne: wasu shaidar mallakar wani yanki na kamfani, wasu shaidar bashin da ya ba hukuma da sharaɗin ƙari. Hukuncinsu a Shari'a ba ɗaya ba ne, kuma saboda rashin sanin kalmomi ƙalilan rabon ya tsaya wata da watanni, marayu suna jira.

Za mu fara da wata kalma tamu ta Hausa wadda take rikita mutane. Abin da ɗan kasuwa yake samu bisa uwar kuɗinsa muna ce masa riba, kuma ƙarin da mai ba da bashi yake ɗorawa, wanda Allah ya haramta a ƙarshen Suratul Baƙara, shi ma muna rubuta shi riba. Asalinsu a Larabci kalmomi biyu ne dabam, ribhu da riba, a baki ma ana ja wa ta farko wasali, amma a takarda sun zama ɗaya. Saboda haka a cikin wannan darasi duk inda muka ce riba, ta ciniki muke nufi. Wadda aka haramta za mu kira ta kuɗin ruwa.

Mene ne hannun jari

Idan mutane suka haɗa dukiya don su kafa kamfani, jimillar abin da suka zuba shi ne jari, wanda takardu suke kira capital social. Ana yanka wannan jari gunduwa-gunduwa daidai wa daida, kowace gunduwa ita ce hannun jari, da Faransanci action, da Larabci sahamu. Mai riƙe da ita shi ne actionnaire. Misali, kamfanin da jarinsa miliyan 10 ne, aka yanka shi hannu 1,000, kowane hannu jika 10 ke nan, wanda kuma ya riƙe hannu 100 ya mallaki kashi ɗaya cikin goma. Amma a lura, bai mallaki wata mota ko wani ɗaki na musamman ba da zai je ya nuna ya ce nawa ne. Rabonsa a cakuɗe yake cikin dukan dukiyar, irin abin da malaman fiƙihu suke kira musha'i, kamar ƴan'uwa da suka gaji rijiya ɗaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid, ko babin tarayya a Mukhtasar na Shaihu Khalil. Tarayyar dukiya, watau sharika, halal ce, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya riba da hasara suna bin gwargwadon abin da kowa ya zuba. Haka ƙiradi, inda ɗaya ya ba da dukiya ɗaya ya yi aiki: ana yanka wa mai aiki wani kaso sananne na riba, rabi ko sulusi, amma ba a yanka wa kowa adadin kuɗi tabbatacce, ba a kuma lamunce wa mai dukiya uwar kuɗinsa. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida ya riƙe rabin darasin nan.

Dokar da take tafiyar da kamfanoni a Nijar ita ce ta OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993. Dokarta ta kamfanonin ciniki an amince da ita a 1997, aka sake gyara ta a Wagadugu a 2014. A cikinta akwai abin da ya yi kama da ƙa'idar malamanmu: duk sharaɗin da ya ba wa abokin tarayya ɗaya dukan riba, ko ya kuɓutar da shi daga dukan hasara, ana ɗaukarsa kamar ba a rubuta ba.

Haruffan da ake gani bayan sunan kamfani suna da ma'ana. SA shi ne kamfanin da ake yanka jarinsa zuwa hannayen jari, kuma jarinsa ba ya kasa miliyan 10. Idan zai kira jama'a su zuba kuɗi a fili, ba ya kasa miliyan 100. SARL kuwa, wanda ya fi yawa a hannun ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, rabonsa ba a ce masa action, ana ce masa part sociale. Bambancin ba na suna kawai ba ne. Mai part sociale ba ya sayar wa bare yadda ya ga dama. Idan dokar cikin gida ta kamfanin, watau statuts, ba ta tsara wata hanya ba, sai da yardar rinjayen abokan tarayya masu riƙe da kashi uku cikin huɗu na jari. Statuts tana iya ma shar'anta cewa magaji ba zai zama abokin tarayya ba sai an amince da shi, in ba a amince ba a biya shi ƙimar rabonsa. A dukan nau'o'in biyu, idan kamfani ya karye, mai rabo yana hasarar abin da ya zuba ne kawai, masu bin kamfani bashi ba su bin gidansa ko gonarsa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, mai mazauni a Jidda, ta duba wannan a zamanta na 1992, ta ce ba laifi, tun da duk mai hulɗa da kamfanin ya san da haka tun farko.

Takarda da abin da ta tsaya a madadinsa

A dā wanda ya sayi hannun jari ana miƙa masa takarda mai ado da lamba, certificat d'actions. Iri biyu ce. Akwai mai suna, nominative, wadda sunan mai ita yake rubuce a jikinta da cikin rajistar kamfani. Akwai ta mai riƙe, au porteur, wadda ba suna, duk wanda take hannunsa shi ne mai ita, kamar takardar kuɗi. Wannan ta biyu in ta ɓace ko gara ta ci, sai wahala.

Yau al'amarin ya sake. Tun gyaran 2014 doka ta wajabta a rubuta hannayen jari cikin asusu da sunan mai su, kuma suna tashi daga hannu zuwa hannu ne ta hanyar juya su daga asusu zuwa asusu. Ke nan hujjar mallaka tana cikin rajista, takardar da ke hannunka shaida ce kawai ta abin da aka rubuta can, ko attestation ce ko relevé de compte-titres, watau bayanin abin da ke cikin asusunka. Daga nan hukunci biyu suke fitowa. Wanda ya tarar da tsohuwar takarda a kayan mahaifinsa kada ya yar, kada kuma ya ɗauka lalle dukiyar tana nan, sai ya je a duba rajista, domin mai yiwuwa an sayar, mai yiwuwa kuma ta ninka. Wanda kuma ya sayi hannun jari daga wani aka miƙa masa takarda hannu da hannu ba a juya suna ba, to, a idon hukuma bai mallaki kome ba tukuna, riba za ta ci gaba da zuwa da sunan mai sayarwa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka bai kamata Musulmi ya zama shi ne mai sakaci da rubutu ba.

Akwai kuma kalmar libération. A kamfanin SA ana iya karɓar hannun jari a biya kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa a take, sauran a cika cikin shekara 3. Idan takarda ta nuna ba a gama biya ba, abin da ya saura bashi ne a wuyan mai ita, in ya rasu kuma a cikin dukiyarsa za a fitar kafin rabo.

Kuɗin da aka rubuta a jikin hannun jari ranar da aka kafa kamfani shi ne valeur nominale. Farashin da ake saye da sayarwa yau shi ne cours, kuma yana iya ɗarawa ko ya kasa nesa ba kusa ba. Da na biyun ake lissafin gado da zakka. Mun ga inda aka ƙiyasta wa wata gwauruwa rabonta da tsohon adadin da ke jikin takarda, aka ba ta kuɗi ta sa hannu, alhali farashin kasuwa ya ninka shi. Ko da jahilci aka yi, haƙƙinta yana nan sai an mayar.

Kasuwar da ake wannan ciniki a yankinmu ita ce BRVM, mai mazauni a Abijan, wadda ta fara aiki a watan Satumba na 1998, ta ƙasashe 8 na UEMOA, har da Nijar, kuma tana da reshe a Yamai. Mutum ba ya shiga ya saya da kansa, sai ta hannun dillali mai izini da ake kira SGI, wanda shi ne wakili a harshen fiƙihu, ladarsa kuma halal ce in an san adadinta. Hukumar da take ba da izini da sa ido a dā ana kiranta CREPMF, tun 2022 sunanta AMF-UMOA. Duk wanda ya zo maka a kasuwa ko ta wayar salula ya ce ka zuba jika 100 ka riƙa karɓar jika 20 kowane wata ba fashi, yana kiran abin hannun jari, ka tambaye shi izininsa. Ko da ya kawo, maganarsa ta riga ta saɓa wa ƙa'idar da muka faɗa, domin babu tarayyar da ake lamunce ribarta.

Hannun jari dabam, takardar bashi dabam

Nan ne ƙafa ta fi zamewa, domin a biro ɗaya ake sayar da su, kuma takardunsu sun yi kama. Obligation, da Larabci sanad, ba ta ba ka mallakar kome a cikin kamfani. Kai mai ba da rance ne. Kamfani ko baitulmalin ƙasa ya karɓi jika 10 daga gare ka, ya yi alkawarin mayar da ita bayan wasu shekaru, tare da ƙari sananne kowace shekara, misali 6 cikin 100, ko an ci riba ko an faɗi. Wannan ƙari shi ake kira intérêt ko coupon, kuma shi ne kuɗin ruwa tsantsa. Majalisar Jidda ta yanke a 1990 cewa fitar da irin waɗannan takardu da sayensu da cinikinsu haram ne, kuma ba bambanci ko hukuma ce ta fitar ko kamfani, ko da an sake musu suna. Wanda ya gaji irinsu yana da uwar kuɗin, ƙarin kuwa ya fitar da shi zuwa ga maslahar jama'a ko mabukata, ba da niyyar neman ladar sadaka ba, da niyyar tsarkake dukiya.

Abin da mai hannun jari yake samu sunansa dividende. Ba alkawari ba ne. Bayan ƙarshen shekara ana rufe lissafi, mai binciken lissafi, commissaire aux comptes, ya duba, sannan babban taron masu hannun jari, assemblée générale, ya zauna cikin wata 6, ya yanke ko a raba ko a ajiye. Doka ta sa a fara cire aƙalla kashi ɗaya cikin goma na riba a zuba a ajiya har ajiyar ta kai kashi ɗaya cikin biyar na jari, kuma abin da aka yanke rabawa a biya shi cikin wata 9 daga rufe shekara. Shekarar da ba a samu ba, ba a rabawa. Wannan rashin tabbas, wanda wasu suke gani aibi, shi ne ya sa abin ya zama ciniki. A wurin taron kowa yana da murya gwargwadon hannayensa, kuma takardar kiran taro da yawancinmu muke naɗe goro da ita, a cikinta ake sanin abin da kamfanin yake aikatawa da dukiyarmu.

Akwai kuma sukuk, takardun da aka gina bisa mallakar wata kadara da ake ba da haya, maimakon rance. Senegal ce ta fara fitar da su a yankinmu a 2014, na biliyan 100, wasu ƙasashe suka biyo baya.

Wane kamfani ne ya halatta

Kasancewar hannun jari halal a asalinsa ba ya nufin kowane kamfani ya halatta. Wanda ya mallaki yanki abokin tarayya ne a cikin aikin. A kasuwar Abijan akwai kamfanonin waya, da na sukari, da na manja, da na roba, amma akwai na giya, akwai na taba, tun 2024 har da na caca na ƙasar Benin, kuma bankuna masu aiki da kuɗin ruwa suna da yawa a jerin. Kamfanin Nijar da aka sani a wannan kasuwa tun 2003, BOA Niger, shi ma banki ne, don haka mas'alar ta shafe mu kai tsaye. Kamfanin da asalin aikinsa haramun ne, ba saɓani a kan haramcin shiga cikinsa. Wanda ya gaji irin wannan ya fita daga ciki, ya kai lissafinsa ga malami don a rarrabe masa abin da zai riƙe da abin da zai fitar.

Inda malamai suka rabu shi ne kamfanin da aikinsa halal ne amma yana karɓar rance da ruwa, ko yana ajiya a banki ana ba shi ƙari. Majalisar Jidda a 1992 ta ce asali shi ne hani. Hukumar AAOIFI ta Bahrain kuwa ta yi rangwame da sharuɗɗa: bashin da ke da ruwa kada ya wuce 30 cikin 100 na ƙimar kamfanin a kasuwa, ajiyar da ke kawo ruwa ita ma haka, kuma kuɗin shiga na haram kada ya wuce 5 cikin 100, sannan a tsarkake. Ga yadda lissafin yake: in kamfani ya samu miliyan 20 na kuɗin ruwa a shekara, hannayensa kuma miliyan 1 ne, kowane hannu ya ɗauki dala 4, mai hannu 400 zai fitar da jika 8, ko an raba dividende ko ba a raba ba. Mu dai abin da muke gani, wanda ba zai iya karanta lissafin kamfani ba, ba shi kuma da amintaccen mai karanta masa, ba shi da hanyar cika sharuɗɗan masu rangwame, don haka maganar farko ta fi kusa da kuɓutarsa.

Wannan zama na 1992 ya hana wasu abubuwa uku: sayen hannun jari da rance mai ruwa, sayar da hannun da mutum bai mallaka ba, da hannun jari na fifiko wanda ake lamunce wa mai shi uwar kuɗi ko wani adadi na riba, ko a gabatar da shi a kan sauran wajen rabo. Dokar OHADA ta yarda da actions de préférence tun 2014, saboda haka wanda ya ga wannan kalma a takardarsa ya bincika irin fifikon. In na tsarin gudanarwa ne kawai, majalisar ba ta hana ba.

Zakka da gado

Zakka tana bin niyya. Wanda yake saye yana sayarwa, hannayensa kayan ciniki ne. A Malikiyya mai jujjuya kaya, mudiri, yana ƙiyasta su kowace shekara da farashin ranar, in sun kai nisabi, ƙimar zinariya giram 85 ko kusa, ya fitar da ɗaya cikin 40. Mai jiran tashin kasuwa, muhtakiri, yana fitarwa ne ranar da ya sayar, zakkar shekara ɗaya. Wanda kuwa ya saya don ya riƙa cin dividende, Majalisar Jidda ta ce a 1988 in kamfanin ya fitar a madadinsa ya wadatar. In bai fitar ba, ya duba rabonsa a cikin tsabar kuɗi da hajar kamfanin ya fitar a kai, in ya iya sani. Gine-gine da injuna ba zakka a kansu. Kuma lanho da hukuma take cirewa daga dividende ba ya tsayawa a madadin zakka.

A gado, kafin a raba sai a duba ko an jinginar da hannayen. Kalmar ita ce nantissement, kuma haƙƙin mai riƙe da jingina yana gaba. Sannan likkafani da bashi da wasiyya, sannan magada. Mutum ya bar mata ɗaya da ƴaƴa maza biyu da mace ɗaya, iyayensa sun riga shi, yana da hannu 400: matar ta ɗauki tumuni, 50, saura 350 a kasa biyar, kowane namiji 140, macen 70. Da hannu 100 ne, kowane namiji 35, matar 12 da rabi, ƴar 17 da rabi. Hannu ɗaya ba ya rabuwa a rajista, sai ɗayarsu ta sayi rabin ɗaya da farashin ranar, ko su bar shi tsakaninsu su naɗa wakili guda, kamar yadda doka ta tanada ga masu tarayya a hannu ɗaya. Dividende da ya shigo bayan rasuwa na magada ne duka bisa kasonsu, ba na wanda takardu suke hannunsa ba.

SGI ko kamfani ba za su juya suna da maganar baki ba. Za su nemi takardar shaidar rasuwa, da takardar kotu mai ƙididdige magada, da shaidar wanda aka wakilta, wani lokaci da sa hannun noter. In akwai marayu, rabonsu a rubuta shi da sunansu, waliyyi ya riƙe musu amana har su yi hankali. Wanda kuma yake da irin wannan dukiya yanzu, ya rubuta sunan kamfanin da na dillalin da lambar asusun a takarda guda, da boko ko da ajami, ya nuna wa iyalinsa inda ya ajiye ta.